Yadda Uwar Direbobi Ta Koma Aiki Daga Gida

Yayata ta yi kusan rabin rayuwarta a bayan wata taga. Tagar tana ƙasan benen wani kamfanin sufuri, tana fuskantar filin da manyan motoci ke kwana. Aikinta raba tafiya ne: wannan direba ya kai siminti gari kaza, wancan ya je ya kwaso taki, wanda ya dawo jiya ya huta. Tun tana budurwa ta shiga wurin, lokacin da ake rubuta komai da alli a jikin allo, har aka zo zamanin kwamfuta tana nan. Direbobin ne suka laƙaba mata Uwar Direbobi. Sunan ya bi ta har gida, ni kaina da muke ciki ɗaya wani lokaci shi ke suɓuce min.

Na sha zuwa wurinta idan na shigo garin, kuma ban taɓa fita daga can ba tare da ciwon kai ba. Ƙarar inji, warin baƙin mai, ga maza sun yi cincirindo a taga kowa yana son a fara jin tasa. Ita kuwa tana zaune da waya a kunne, hannu ɗaya a kan kwamfuta, ɗayan tana nuna mutum. Akwai wani direba da suke kira Sarkin Barci, saboda ko mai ake zuba wa motarsa sai ya runtsa. Kullum ya zo taga sai ya marairaice.

"Mama, yau dai a ba ni ta kusa, bayana ya ƙage."

"Bayanka ko katifarka ce ke kiranka? Karɓi makulli ka ba ni wuri."

Sai filin ya kwashe da dariya, shi ma yana yi. Ta san wanda matarsa ta kusa haihuwa, ta san wanda ba a haɗa shi tafiya da wane saboda sun taɓa cacar baki. Idan ta ji labarin direba ya ɗauki waya yana tuƙi, ranar sai ya gwammace Manaja ne ya kama shi.

A gida ma ba shiru take tararwa ba. Mijinta, Malam, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Yana gardama da rediyo, yana gyara wa masu karanta labarai nahawu, yana ba maƙwabta shawarar da ba su nema ba. Suna zaune a saman wani bene mai ɗaki biyu da falo. 'Ya'yansu biyu duk sun yi nisa: namijin yana aiki a tashar jiragen ruwa, macen tana jinya a wani asibiti a ƙasar waje. Yaya kan ce da ta shigo gida Malam ke karɓar kunnenta daga hannun direbobi.

Wata safiya yana zuba mata shayi, yana ba ta labarin mafarkin da ya yi, sai butar ta faɗi daga hannunsa. Maganar ta tsaya a tsakiya. Shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan doguwar jinya a asibiti aka dawo da shi gida, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, harshe kuma ya ƙi tashi. Yana ji, yana ganewa, idanunsa na bin mutum, amma kalma ko ɗaya ba ta fita.

Na zo na taya ta zama na ɗan lokaci, yaran ma suka zo suka koma. Aka gwada ɗaukar mai kula da shi, amma Malam ya ƙi cin abinci daga hannun kowa sai nata. Hutunta na aiki ya ƙare. Ta kira Manaja da niyyar ajiye aikin. Shi kuwa mutumin kirki ne, ya ce ba za a yi haka ba. Tagar dai dole a ba wani, amma akwai aikin da za ta iya daga gida: duba tafiye-tafiyen da aka kammala, daidaita su da abin da na'urar bin sawun motoci ta nuna, da rufe kowanne a tsarin kamfani. Za a aiko mata da kwamfuta, Injiniya zai haɗa ta.

Injiniya shi ne mai kula da na'urorin kamfanin, wani mutum mai sanyin murya wanda ofishinsa ke can ƙarshen baranda. Shekara da shekaru suna gaisawa, amma ba su taɓa doguwar magana ba. Kwamfutar ta iso cikin jaka baƙa. Yaya ta share teburin cin abinci, ta jawo shi kusa da ƙofar ɗakin Malam yadda za ta riƙa hango gadonsa, ta yi wanka, ta saka kayan da take zuwa aiki da su. Sannan ta kira Injiniya.

"Anti, kafin ki ga komai na ofis sai kin bi ta VPN," in ji shi.

"Ta me?"

"Kin san na'urorinmu a kulle suke, wanda ke waje ba ya shiga. To wannan wata hanya ce da za mu buɗe daga ɗakinki zuwa ofis. Duk abin da ya bi ta cikinta a rufe yake, babu mai leƙawa. Da kin shiga, kwamfutar za ta ɗauka tana kan teburinki na ofis."

"Wato titi ne da motarmu kaɗai ke bi."

"Kamar haka."

"To Allah ya sa babu ramuka."

Akwai ramuka. Da farko kwamfutar ba ta ma ga intanet ɗin gidan ba, domin ɗan akwatin da ɗanta ya saka musu yana bayan talabijin, kuma kalmar sirrinsa Malam ne ya sani. Ta je bakin gado ta tambaye shi kafin ta tuna ba ya iya magana. Ya kalle ta, leɓensa ya motsa, ya rufe ido. Ta koma kan waya ta faɗa wa Injiniya. Shi ya ce ta juya akwatin, wataƙila ba a taɓa canja wadda aka buga a ƙasansa ba. Aka yi sa'a haka ne.

Sai aka zo kan manhajar. Ya sa ta danna wani ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefen allo, ya riƙa karanto mata adireshin sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, harafi bayan harafi. Ta saka waƙafi inda ya kamata ta saka ɗigo. Aka gyara. Ta rubuta sunanta na aiki da kalmar sirri, sai ga wani gurbi ya fito yana neman lambobi. Injiniya ya ce waɗannan a wayarta za ta riƙa ganinsu, cikin wata manhajar daban, kuma suna canjawa da sauri, don haka ta kwafa kafin su gudu.

Ta kwafa. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sannan aka ce an ƙi. Ta sake, aka ƙi. Ta saka tabarau, ta karanta lambobin da ƙarfi Injiniya yana ji, ta danna a hankali kamar mai taka ƙwai. Aka ƙi. Ana cikin haka Malam ya fara tari, ta ajiye waya ta ruga ta tallafo shi, ta ba shi ruwa da cokali, ta canja masa riga. Da ta dawo Injiniya ya tafi wani taro.

Ta faɗa min cewa ranar ta zauna gaban kwamfutar nan da kayan aiki a jikinta har rana ta juya. Babu abin da ake ji a gidan sai firiji da numfashin Malam. Ta ce ba rashin haɗuwar ba ne ya dame ta. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta san a daidai lokacin nan fili ya cika, ana ta ihu a taga, kuma ana raba tafiya lafiya lau ba tare da ita ba.

Washegari suka sake gwadawa, abin dai bai canja ba. Injiniya ya sauya mata kalmar sirri, ya sa ta goge manhajar ta sake sakawa, duk a banza. Can sai ya ce:

"Anti, ƙarfe nawa a wayarki yanzu?"

Ta faɗa masa.

"A'a. Agogonki yana gaba da namu."

"Na sani. Ni na tura shi gaba."

"Don me?"

"Don kada na makara. Tun da na fara riƙe waya haka nake yi. Ko agogon bango haka yake."

Ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba. Ya bayyana mata cewa lambobin nan da lokaci ake ƙirƙirar su, wayarta da sabar ofis dole su yarda da ƙarfe nawa ne. Ita tana aiko da lambobin da lokacinsu bai zo ba, shi ya sa ake ƙin su. Ya nuna mata inda za ta danna wayar ta riƙa saita agogonta da kanta. Ta danna, mintocin suka ja baya a gaban idonta. Ta ce sai ta ji wani iri, kamar an karɓe mata wani abu. Amma da ta yi tunani, ina za ta makara zuwa? Tsakanin gadonta da wurin aikinta yanzu ɗan taku ne.

Ta kwafi sababbin lambobi. Da'irar ta juya kaɗan, kwaɗon ya koma kore.

"Kin shigo, Anti. Ga ki nan ina ganinki."

"Kana ganina?" Ta yi sauri ta gyara ɗankwali.

"A'a, sunanki nake gani a jerin waɗanda suka shigo."

"Au."

Ta buɗe tsarin kamfani, komai yana nan yadda ta bar shi. Ta buɗe taswirar bin sawu, sai ga motocin sun bazu a kan hanyoyi, kowace ɗan ɗigo ce da lambarta a gefe. Ba ta buƙatar duba sunaye. Wannan da ya tsaya a gefen hanya da rana tsaka Sarkin Barci ne. Wancan da ke gudu kamar ana bin sa Dogo ne, wani tsohon direba da suka fara aiki kusan lokaci ɗaya. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai Dogo, rage wuta!" Maganar ta daki bangon falo ta dawo mata.

Haka rayuwarta ta koma. Da safe ta gyara Malam, ta ba shi magani, ta motsa masa hannu da ƙafa yadda likita ya koya mata, sannan ta zauna ta danna kwaɗo. Aikin ba shi da wuya, kuma ba ya buƙatar ta yi magana da kowa. A farkon lokacin direbobi suna kira su gaishe ta, wasu har sun zo duba Malam, suka cika falo da ƙatuwar murya da warin hanya. Sannu a hankali kiran ya ragu. Ba ta riƙe su a zuci ba. Ta ce mutumin da ke kwana a hanya, wanda yake gani a taga shi ne nasa.

Hanyar takan yanke. Wani lokaci wuta ce ta ɗauke, wani lokaci tana can wurin Malam ta daɗe, sai ta dawo ta tarar kwaɗon ya koma toka. Tun a makon farko ta iya gyarawa da kanta. Amma na lura idan muna waya takan ce, "Jiya ma sai da na kira Injiniya." Da alama ya gane, domin bai taɓa ce mata ai kin iya ba. Yakan bi da ita matakan daga farko, a tsakiya ya ba ta labarin cewa an yi wa baranda fenti, ko mai shayin bakin ƙofa ya tashi, ko sabon da ke taga ya haɗa direbobi biyu da ba sa ga maciji tafiya ɗaya, sun dawo ba mai ce wa wani uffan. Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "To kin shigo, Anti," ta ce, "Na gode, Allah ya yi albarka," layi ya mutu.

Wata rana da hantsi tana duba taswira sai ta ga ɗigon Dogo ya baro babbar hanya, saboda gyaran gada, ya biyo titin da ya ratsa ƙasan unguwarsu. Ta bi shi da ido yana matsowa. Ta tashi babu ko takalmi, ta fita baranda, ta tsaya inda ake hango titi ta tsakanin gidaje biyu. Ta ji ƙarar injin kafin ta gan shi. Motar ta bayyana, ga gwiwar hannun Dogo a waje yadda ya saba. Ta ɗaga hannu tana kaɗawa, ta kira sunansa. Motar ta wuce. Wayarta na hannunta, lambarsa na ciki, amma ita ce ta shekara tana zagin su a kan ɗaukar waya a tuƙi. Ta koma ciki ta zauna, ta ga ɗigon yana nisa.

Daga ranar ta fara jan teburin har cikin ɗakin Malam. Tana aiki tana faɗa masa abin da take gani. "Malam, ka ga Sarkin Barci ya sake tsayawa. Wai taya yake dubawa." Sai ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Idan ta yi kuskuren magana da gangan, ta ce "motoci ya tafi," sai ya buga yatsun hagu a kan katifa da ƙarfi, ta ce, "To, to, sun tafi, Malam, a yi haƙuri." Ta ce min mutumin da ya hana ta sakat da surutu shekara da shekaru, yanzu da za a sayar mata da kalma ɗaya daga bakinsa, ko ta faɗa ce, da ta saya.

Bai sake magana ba. Ya yi fiye da shekara a haka, sannan ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai tashi ba. Muka taru, muka watse. Na roƙe ta ta biyo ni, ta ce tukuna.

Da ta ɗan dawo hayyacinta ta kira Manaja ta ce a shirye take ta koma taga. Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗa mata gaskiya: babu tagar. An koma tura wa direbobi tafiyarsu ta waya, kowa yana gani tun yana gida. Amma aikin da take yi yana da kyau ƙwarai, ta ci gaba daga inda take, ai ma ta huta da cunkoson hanya. Ta ce haka ne, ta gode.

Sau ɗaya ta koma can, lokacin da Injiniya ya ce ta kawo kwamfutar a sabunta mata takardar shaidar da VPN ke gane ta da ita. Mai gadin sabo ne, sai da ya kira sama kafin ya bar ta ta shiga. Filin babu hayaniya, direbobi 'yan kaɗan a inuwa kowa ya sunkuya kan wayarsa. An toshe tagar da katako, ɗakin ya zama ma'ajiyar tayoyi. Dogo ya yi ritaya ya koma garinsu. Tana tsaye tana kallon katakon sai ta ji an ce, "Mama!" Sarkin Barci ne, ya yi furfura, ya taho da gudu kamar zai faɗi. Ya yi mata gaisuwar rashin Malam, ya share mata benci da hularsa.

"Mama, wannan wayar ba ta da tausayi. Ka ce mata bayanka ya ƙage, ko kallonka ba ta yi."

"Ni ɗin ina yi?"

"Ke aƙalla kina zagina."

Suka yi dariya, suka ɗan taɓa hira, wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ce an ba shi ta nesa, ya tashi.

A sama Injiniya ya karɓe ta da fara'a. Ta ce sai ranar ta lura yana da ɗan tabo a gira, duk da ta fi sanin muryarsa fiye da ta kowa a shekarar nan. Yana aiki a kan kwamfutar ta tambaye shi ko hanyar nan dole sai daga gidanta take aiki.

"A'a, Anti. Duk inda kike, in dai akwai intanet, za ki shigo. Ko wani gari, ko wata ƙasa."

Ita da bakinta ta ba ni wannan labari, ni kuwa na kama shi da hannu biyu. Na ce to me ya rage? Ga ɗaki a gidana, ga jikokina da za su hana ta sakat, ko ta tafi wurin 'yarta da ke ta roƙo. Na sa an yi wa ɗakin fenti, na saka tebur kusa da soket. Ta ce, "Bari na gani, ƙanwata."

Har yau tana gani. Tana nan a saman benen, ta mayar da teburin falo, ta rufe ɗakin Malam amma tana share shi. Da safe takan yi wanka ta saka kayan aiki. Maƙwabciyarta ta ƙasa, wata mai ɗinki, ta ce min takan ji ta tana magana, wani lokaci da faɗa, ta ɗauka baƙi ta yi.

Shekaranjiya na kira ta da rana. Muka gaisa, na tambayi ƙafarta da ke damunta, na sake tayar da zancen ɗakin. Ta ce ta ji, kuma tana sane. Sai ta yi tsaki.

"Me ya faru, Yaya?"

"Hanyar ce ta yanke, kuma ina tsakiyar rufe wata tafiya. Lambobin a wayar nan suke. Ajiye, zan kira ki."

Na ajiye. Ta kira ni bayan an tashi aiki, muka yi maganar ƙafar.